Babur Mai Ƙafa Huɗu: Lissafin Kifewa da Dokar da Ta Biyo Baya

A gonakin Amurka da Ostireliya akwai wani abin hawa wanda shi ba mota ba, shi ba babur ba. Mutum yana hawansa kamar yadda ake hawan babur, ƙafa ɗaya a kowane gefe, yana riƙe da kan babur, amma tayoyinsa huɗu ne, manya, masu faɗi da taushi. Turawa suna taƙaita sunansa da ATV, wato abin hawa mai ratsa kowace irin ƙasa: yashi, taɓo, duwatsu da gangare. Makiyaya suna kora shanu da tumaki da shi, manoma suna jan taki da kayan feshi, matasa kuma suna wasa da shi a daji. Wanda ya fara ganinsa zai ɗauka ya fi babur aminci, tun da ko an tsaya ba ya faɗuwa. Wannan zato shi ya jefa mutane da yawa cikin halaka. A wannan darasi za mu duba dalilin da ya sa yake kifewa, sa'an nan mu ga yadda hukumomi suka yi amfani da wannan ilimi wajen tsara doka.

Daga ƙafa uku zuwa huɗu

Kamfanin Honda na ƙasar Japan ne ya fara fito da irin wannan abin hawa a kasuwar Amurka a shekarar 1970, kuma a lokacin ƙafarsa uku ce: ɗaya a gaba, biyu a baya. Ya samu karɓuwa ƙwarai, sauran kamfanoni suka bi sahu. A shekarar 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 asibitocin Amurka sun cika da waɗanda suka ji rauni a kan waɗannan babura, kuma kaso mai yawa daga cikinsu yara ne.

Cibiyar nauyi da gindin tsayuwa

Kowane abu yana da wani ɗigo guda wanda za a iya ɗauka a nan ne duk nauyinsa ya tattaru. Wannan ɗigo shi ake kira cibiyar nauyi. Haka kuma kowane abu yana da gindin tsayuwa, wato filin da ke tsakanin wuraren da ya taɓa ƙasa. Ƙa'idar guda ce: idan aka saki zare mai ɗauke da dutse daga cibiyar nauyi, muddin dutsen yana nuna cikin gindin tsayuwa, abin zai tsaya, da zarar ya fita waje, abin ya kife. Shi ya sa tulu mai ɗan ƙaramin gindi sai an yi masa gurbi, amma kasko ko'ina aka ajiye shi ya zauna.

To, bari mu ɗauki misali domin lissafi. A ce tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama santimita 90 ce. Ke nan daga tsakiya zuwa kowace taya santimita 45. A ce kuma cibiyar nauyin babur tare da mahayinsa tana bisa ƙasa da santimita 60. Idan aka raba 45 da 60 za a sami 0.75. Wannan adadi shi ne tan na kusurwar da babur zai kife a kanta, kuma ɗalibi zai iya dubawa a littafin jadawalin lissafi ya ga kusurwar ta kusa digiri 37. A zahiri babur yakan kife kafin a kai nan, domin taya mai taushi tana lotsawa, shokozoba kuma tana sunkuyawa zuwa gefen da aka karkata.

Yanzu a ɗora wa babur ɗin mutum na biyu, ko tankin feshi a bayansa, har cibiyar nauyi ta hau zuwa santimita 80. Lissafin ya koma 45 a raba da 80, wato 0.56, kusurwa kuwa ta sauka zuwa wajen digiri 29. Ba a taɓa inji ba, ba a taɓa taya ba, amma gangaren da aka wuce lafiya jiya yau shi zai kayar da mutum. Wannan shi ne asalin gargaɗin da ake liƙawa a jikin mafi yawan baburan nan cewa kada a yi goyo. Dogon sirdin da ke kansu an yi shi ne domin mahayi ya riƙa matsawa gaba in zai hau tudu, ya ja baya in zai sauka, ba domin fasinja ba.

Mai ƙafa uku kuwa matsalarsa ta fi haka. Gindin tsayuwarsa alwatika ne, mai faɗi a baya, yana tsukewa har ya ƙare a tayar gaba. Idan cibiyar nauyi tana gaban tayoyin baya da kashi ɗaya cikin uku na tsawon babur ɗin, to rabin faɗin da ya rage a wurin santimita 30 ne kawai maimakon 45. A raba 30 da 60, an sami 0.5, wajen digiri 27 ke nan. Mafi muni, idan mahayi ya taka birki yana cikin kwana, nauyi yana tafiya gaba da gefe a lokaci guda, daidai inda alwatikan ba shi da taya. Duk wanda ya ga yadda Keke Napep ke ɗaga ƙafa ɗaya idan ya sha kwana da gudu ya ga wannan ƙa'ida da idonsa.

Me ya sa kwalta ta fi daji haɗari?

Wannan tambaya takan ba ɗalibai mamaki. Adadin nan da muka samu, 0.75, shi ne kuma yake faɗa mana iyakar gudu a kwana. Babur zai fara ɗaga ƙafa idan gudu sau gudu, a raba da faɗin kwana daga cibiyarta, ya kai 0.75 sau 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa. A kwanar da ke da mita 10 daga cibiyarta, wannan ya kama mita 8.6 a daƙiƙa, kimanin kilomita 31 a awa. Mai keke ma yana iya kai wa wannan gudu a gangare.

A kan yashi ko ciyawa, sau da yawa tayoyin sukan zame kafin a kai wannan iyaka, sai babur ya sulale gefe, mahayi ya tsira da tsoro kawai. A kan kwalta kuwa taya tana kama ƙasa kam. Iskar da ake sa wa waɗannan tayoyi kaɗan ce, wajen 5 a ma'aunin mai faci, alhali tayar mota tana shan 30 ko fiye, saboda haka tana bajewa ta manne da titi. Tun da ba ta zame ba, abin da ya rage shi ne kifewa. Bugu da ƙari, yawancin baburan nan sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin baya, babu giyar raba gudu irin ta mota wadda ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana. Dole tayar ciki ta ɗan zame kafin babur ya juya, kuma mahayi ne ke taimaka mata ta hanyar danna matakin ƙafa na waje yana karkata jikinsa ciki. Yaro mai kilo 30 ba shi da nauyin da zai yi wa injin da ya haura kilo 250 wannan aiki.

Yadda doka ta shigo

A ƙarshen shekarar 1987 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, a madadin hukumar kula da amincin kayan masarufi da ake kira CPSC, ta kai manyan kamfanoni biyar kotu: Honda, Yamaha, Suzuki, Kawasaki da Polaris. A watan Afrilu na 1988 kotu ta tabbatar da yarjejeniya ta shekara goma. Kamfanonin suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku, suka yarda su ba masu saye horo kyauta, su liƙa gargaɗi, kuma kada a sayar da mai inji fiye da cc 90 domin yaron da bai kai shekara 16 ba. Sai dai ba a janye waɗanda aka riga aka sayar ba, suka ci gaba da yawo a hannun jama'a.

Da yarjejeniyar ta ƙare a 1998 sai aka koma alkawarin ganin dama, wanda bai ɗaure sababbin kamfanonin da suka shigo kasuwa daga baya ba. Sai a 2008 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta mayar da ma'aunin ƙira tilas ga kowa, ta kuma hana shigo da sababbin masu ƙafa uku. Duk da haka, a shekarun 2010 wajen mutum dubu ɗari ake kaiwa sashen gaggawa na asibitoci duk shekara, ɗaruruwa kuma suna mutuwa. Wani ɓangare na dalilin shi ne gwamnatin tarayya injin take yi wa doka. Maganar hular kwano, shekarun mahayi da hawa titi tana hannun jihohi, kuma kowace da tata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe a kan matsayin cewa kada wanda bai kai shekara 16 ba ya hau ko da ƙarami ne.

Ostireliya ta bi wata hanya, kuma a ganina ta fi kusa da gaskiyar kimiyya. A can manoma ne suka fi mutuwa, sau da yawa ba da gudu ba: babur ya kife ya danne ƙirjin mutum shi kaɗai a gona, numfashi ya gagara. Hular kwano ba ta maganin wannan. Saboda haka dokar 2019 ta kama ƙirar injin kansa. Daga Oktoba 2020 sai an rataya wa sabon babur takarda mai nuna kusurwar da yake ɗaga ƙafa a teburin gwaji. Daga Oktoba 2021 kuma baburan aikin gona dole adadinsu na gefe ya kai 0.55, wato digiri 28.81, na gaba da baya ya kai 0.8, wato digiri 38.65, sa'an nan a kafa musu wani ƙarfe a bayan sirdi wanda zai tokare ƙasa ya bar wa mahayi sarari in an kife. Honda da Yamaha da Polaris sun ƙi amincewa da wannan ƙarfe, suna cewa shi ma yana iya raunata mahayi, har suka daina sayar da irin waɗannan babura a ƙasar. Ɗalibi ya lura cewa 0.55 ɗin nan irin adadin da muka lissafa a sama ne, ya fita daga littafin lissafi ya shiga littafin doka.

Gwaji a cikin aji

Malami ya samo katako mai faɗi, da ƙaramin kwali, da bulo ko dutse, da ma'aunin kusurwa. A kafa siririn itace a jikin katakon domin ya tare kwalin kada ya zame. A sa dutsen a ƙasan kwalin, a riƙa ɗaga gefe ɗaya na katakon a hankali har kwalin ya kife, a rubuta kusurwar. A maimaita bayan an ɗaure dutsen a saman kwalin. Daga nan a liƙa wa kwalin murafen kwalba huɗu a matsayin ƙafafu, a gwada, a mayar da su uku, a sake gwadawa ta gefe da kuma ta kusurwar gaba. Ɗalibai su nemo tan na kowace kusurwa, su ware waɗanda suka kai 0.55 da waɗanda suka gaza.