Idan Motar da Aka Yi wa Sauye-sauye Ta Daina Ja: Shawarwari ga Magidanta

Da wuya ka samu mota a unguwar Kawo da take yadda kamfani ya ƙera ta. Wata an cire mata indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wata an zare mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, wata samari sun sa mata salansa mai ƙara da manyan tayoyi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, da dama an ɗora musu tukunyar gas ta CNG a but. Sai wata rana maigida ya kwaso yara daga makaranta, ya zo hawa gadar Kawo, ya taka totur har ƙasa, mota ta yi ta gurnani ba ta ja. Daga nan kuɗin cefane ke fara zirarewa gareji: yau fulogi, gobe famfon mai, jibi a ce sai an sauke inji. Yawancin wannan asara tana zuwa ne daga sayen kaya tun ba a gano ciwon ba.

1. Ka fara da abin da aka taɓa na ƙarshe. Kafin ka je wurin bakanike, zauna ka tuna: yaushe ta fara, kuma me aka yi mata a makonnin da suka gabata? Idan lafiyarta ƙalau har ranar da aka sauya salansa ko aka sa gas, to can za a fara dubawa. Ka lura kuma ko da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi, ko a hawa kawai, ko sai an kunna AC. Cewa "ba ta ja" kaɗai bai ishi mai gyara ba. Ka faɗa masa duk sauyin da aka yi, har wanda wani gareji ya yi.

2. Ka tabbatar laifin na inji ne. A kan miƙaƙƙiyar hanya, kamar bayan Rigachikun in za ka Zariya, taka totur ka dubi allurar juyin inji. Idan allura ta haura, ƙara ta ƙaru, amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ko giya ke sulɓewa, inji ba ruwansa. Bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowane wili, wanda ya fi sauran zafi sosai birkinsa na kamawa.

3. A sa mata kwamfuta, kuma ka rubuta lambar da ta fito. Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 tana da kafar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma irinsu Camry, Corolla da Accord ne suka cika titunanmu. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, P0300 wuta na tsallake a inji, P0101 na'urar auna iska ce, P0420 kuma indomi. Sai dai lamba hanya take nunawa, ba ta cewa "sayi kaza". P0171 na iya fitowa saboda tsagaggen tiyo na roba wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kada ka yarda a goge lambar kawai wutar dashbod ta mutu a ce an gyara. Idan kuma mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi wuce wani gudu, sau da yawa ƙwaƙwalwarta ce ta rage ƙarfi da gangan don kare inji.

4. Duba hanyar iska. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe filtar iska da wuri, kuma buɗe akwatinta aiki ne da kowa zai iya a ƙofar gida. Buɗaɗɗiyar filtar nan mai kama da mazurari da samari ke so, in ba a killace ta ba, zafin cikin bonet take zuƙa, iska mai zafi kuwa ƙarfi take ragewa. Wadda ake shafa wa mai tana ɓata na'urar auna iska. A mota mai turbo, ka saurari fito ko huci idan ka taka, alamar tiyo ya tsage ko maɗauri ya saki.

5. Batun indomi. Gaskiya ne idan ta toshe mota tana shaƙewa: ta tashi lafiya, amma da an hau babban titi sai ta yi nauyi, ƙasanta ya yi zafi. Mai gyara na ƙwarai zai gwada kafin ya yanke hukunci, ya kwance na'urar iskar oksijin ta gaba ya ga ko numfashinta ya dawo. Abin da ba a cika gaya wa mai mota ba shi ne indomi ba ta toshewa haka kawai. Fulogi ko kwayil da ya mutu ne ke tura ɗanyen fetur cikinta har ta narke, ko inji mai shan baƙin mai. In an farke ta an bar wannan, ciwon yana nan. Akwai kuma dalilin da ya sa wasu ke saurin cewa a cire: cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom, kuma akwai masu saye. Ni dai ban ga hikimar cire lafiyayyar indomi ba. Wutar gargaɗi za ta zauna a kunne har ka daina kula ta, ranar da babbar matsala ta zo ba za ka sani ba, hayaƙin kuma 'ya'yanmu da ke tsaye a bakin titi ne ke shaƙarsa.

6. A mayar da tamostat. Maganar cewa na ƙasar sanyi ne ba ta da tushe. An tsara inji ya yi aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa na ci gaba da ƙara masa fetur kamar yanzu aka tayar da shi, mai ya ƙare da wuri, fulogi su yi baƙi. Motar da ke tafasa a wanke mata lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa.

7. Mai motar gas yana da gwajin da ya fi na kowa sauƙi. Hau tudu ɗaya sau biyu, sau ɗaya da fetur, sau ɗaya da gas. Raguwar ƙarfi kaɗan, wajen kashi 10 cikin 100, ɗabi'ar CNG ce, domin gas na cinye gurbin da iska za ta shiga, ga nauyin tukunya a baya. Idan tana ja da fetur amma da gas ta mutu murus, ka koma wurin waɗanda suka haɗa maka su duba filtar gas da na'urar rage matsi, su sake saiti da kwamfuta. Gas ya fi fetur buƙatar wuta mai ƙarfi, shi ya sa fulogi da ya tsufa a kansa yake fara nuna hali. A riƙa duba saitin bawul a kan lokaci, kuma kada a bar tankin fetur fayau. Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: matsin CNG yana kai 200 a ma'aunin bar, tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta ɗauka ba. A Oktoba 2024 irin wannan tukunyar ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka.

8. Ka san inda kake shan mai. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol motoci suka yi ta lalacewa. Man 'yan bumburutu a galan yakan zo da ruwa ko datti. Yawo da tanki a ja shi ma yana kashe famfo, domin fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Kafin a canja famfon, a auna matsinsa da geji.

9. Tayar da ta fi asali girma tana sa mota nauyin tashi. Girman da ya dace da yawan iskar da za a sa suna rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

10. Kada a sauke inji sai an auna matsin kowace silinda a gabanka, an rubuta maka lambobin. In sun yi kusa da juna kuma sun kai ƙa'idar kamfani, ringi da fistin lafiyarsu lau. In kuwa sayayya ta kama, ko a kasuwar Panteka ko a wani wuri, a canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, kuma ka karɓi tsohon da aka cire ka tafi da shi gida.

Maigida, ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota, duk abin da aka cire ko aka sa a rubuta da kwanan wata. Ka nuna wa uwargida da duk yaron da ke tuƙa motar inda yake.