Amsoshin Tambayoyinku: Daga Filin Unguwa Zuwa Firimiya

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga Malam Sani, mazaunin Ƙofar Doka a birnin Zariya. Ya ce kullum bayan la'asar yana ganin samari na buga ƙwallo a gindin ganuwa, takalma biyu ne ragarsu. Ta yaya ƙungiyar unguwa irin wannan za ta kai gasar Firimiya ta Najeriya?

To Malam Sani, mun gode. Matakai uku ne. Na ƙasa shi ne NLO, na tsakiya NNL, na sama kuma Firimiya, wato NPFL.

A NLO, matakin ƙasa ke nan, ana raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni bisa yanki, don a rage kuɗin mota da masauki. Da yawan 'yan wasan ba su dogara da ƙwallo kaɗai ba. Wani tela ne, wani ɗalibi, wani sai ya ajiye Keke Napep sannan ya ɗaura takalmi. Kafin kaka ta fara sai ƙungiya ta yi rajista, ta kuma samu mai ɗaukar nauyi, kuma a nan ne, gaskiya, yawancin ƙungiyoyin unguwa ke cijewa.

Waɗanda suka yi zarra su haye NNL, inda ake buga rukunin Arewa da na Kudu. Daga NNL ɗin ne Barau FC ta Kano da Wikki Tourists ta Bauchi suka haye Firimiya a 2025.