Yadda Ake Haɗa Furobayotik da Maganin Sanyin Gaba Mai Ƙarni

Ba kowane sanyi ne iri ɗaya ba. Wanda likitoci ke kira BV yana zuwa da fitar ruwa tsinkakke, fari ko ruwan toka, mai ƙarnin kifi, kuma warin kan ƙaru bayan saduwa. Asalinsa raguwar ƙwayoyin Lactobacillus ne, masu riƙe tsamin farji. Da sun yi ƙaranci sai irin su Gardnerella su samu gindin zama. Magani na kashe su, amma fiye da rabin mata ciwon kan dawo musu cikin shekara guda. Shi ya sa ake haɗawa da furobayotik, wato ƙwayoyi masu amfani da ake sha, don Lactobacillus su sake yawa.

Da farko a je asibiti a yi gwaji. Za a ɗebi ruwan da auduga, a auna tsaminsa, a duba a madubin likita. Kada a wuce kemis kai tsaye, domin sanyi mai ƙaiƙayi da farin ruwa kamar kindirmo maganinsa daban ne.

Na biyu, a sha maganin da aka rubuta. Yawanci metronidazole ne, wato Flagyl, miligiram 500 safe da yamma har kwana 7. Akwai kuma na matsawa, ko man clindamycin. Ko wari ya ɗauke a kwana na uku, a ƙarasa.

Na uku, a duba jikin kwalin furobayotik a ga sunan ƙwayar. A wani bincike da aka yi a Benin, jihar Edo, aka wallafa a 2006, an ba mata Flagyl, aka kuma ba su furobayotik nau'in GR-1 da RC-14 na tsawon kwana 30. Kashi 88 cikin ɗari sun warke, yayin da masu Flagyl kaɗai kashi 40 ne. Ƙwayoyin nono da yogot wasu iri ne, ba za su maye gurbin waɗannan ba.

Na huɗu, a bar tazarar kamar awa biyu tsakanin magungunan biyu, a ci gaba da furobayotik bayan Flagyl ya ƙare. A ajiye kwalin nesa da zafi, don ƙwayoyin rayayyu ne.

Na biyar, a daina cusa sabulu, alif, turare ko kayan matsi. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar.

Sakamakon bincike kan furobayotik bai zo ɗaya ba, har hukumar CDC ta Amurka ba ta sa shi cikin tsarin magani ba. Ɗan taimako ne, ba madadin Flagyl ba. 'Yar'uwa, in kina da juna biyu ko ciwon ya dawo, ki koma wurin likita kafin ki sake shan komai.