Yadda Za Ka Karanci Amurka a Cikin Ƙananan Finafinanta

Ƙanena, na leƙa wayarka. Cike take da finafinan da ake tarwatsa gada, jarumi ya kashe mutum ɗari ya fito ko hularsa ba ta karkace ba. Ba laifi, ni ma nakan kalla idan na gaji. Amma ka ce so kake ka gane Amurka: me ke sa su zaɓi wanda suke zaɓa, me ke fitar da su titi zanga-zanga, yaya ɗan'uwanmu da ya tafi can yake rayuwa bayan hotunan da yake turowa.

Manyan finafinan Hollywood falon baƙi ne, an share, an kunna turare. Ƙananan finafinai, waɗanda ake yi da ɗan kuɗi a wajen manyan kamfanoni, su ne ke zagayawa da kai har madafi ka ga tukunyar da ta kwana ba a wanke ba. Ga yadda za ka bi su.

1. Gobe da safe, rubuta sunayen finafinai biyar.

Kada ka tsaya jiran abin da manhaja za ta turo maka, abin da ka saba kallo za ta ƙara maka. Shiga intanet ka nemo jerin finafinan da suka ci kyauta a bikin Sundance, wanda cibiyar da jarumi Robert Redford ya kafa a 1981 take shiryawa a farkon kowace shekara. Nan ne kasuwar ƙananan finafinan Amurka. Ka kuma riƙe tambari biyu, A24 da Neon. Idan ka ga ɗayansu a farkon fim, yawanci akwai abin taunawa a ciki.

2. Duba alamar shekaru kafin ka kunna.

Yawancin waɗannan finafinai suna ɗauke da alamar R, wato na manya ne: ashar, shaye-shaye, wani lokaci tsiraici. Shafin IMDb yana da sashen jagorar iyaye da ke faɗa maka abin da ke ciki dalla-dalla. Minti biyu zai ɗauke ka. Ya fi ka riƙa laluben rimot a gaban Hajiya.

Kunna rubutun magana na ƙasan allo. Turancin ƙauyen Missouri ko na unguwannin Miami ba shi ne na aji ba.

3. Tambayar farko a kowane fim: wa ke biyan kuɗin haya?

Idan shawara ɗaya za ka ɗauka daga wurina, ɗauki wannan. Siyasar Amurka takan ɓuya a cikin aljihun jarumi. Ka bi kuɗin: ina yake samu, ina suke tafiya, me zai faru idan wata ya ƙare babu.

Fara da *The Florida Project* na 2017, na darakta Sean Baker. Yarinya 'yar shekara shida da uwarta suna zaune a ɗakin wani otal mai arha, tafiyar 'yan mintuna daga Disney World, inda iyalai ke zuwa daga ko'ina a duniya su kashe kuɗi. Duk mako uwar na fafutukar haɗa kuɗin ɗaki. Lura da wani ɗan abu da ke saurin wucewa: lokaci-lokaci manajan otal yakan sa su kwashe kayansu su kwana ɗaya a wani wuri, don kada doka ta ɗauke su a matsayin 'yan haya masu haƙƙi. Wannan dare ɗaya ya fi dogon sharhin jarida bayani kan matsalar gidaje a can.

Sai *99 Homes* na Ramin Bahrani, wanda ya fito daga rikicin bashin gidaje na 2008. 'Yan sanda da dillali suka tsaya a ƙofar wani magini, suka ba shi minti biyu ya ɗebi abin da zai iya, shi da uwarsa da ɗansa, aka watso sauran kayan a tsakar gida. Abin da ya biyo baya ya fi ciwo: yunwa ta sa ya koma yi wa dillalin aiki, yana fitar da wasu.

*Nomadland* na Chloé Zhao ya ɗauki kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2021. Garin Empire a jihar Nevada, inda jarumar ta fito, gari ne na gaske. Masana'anta ɗaya ce ta riƙe shi shekara 88, da ta rufe a 2011 garin ya watse har aka soke lambarsa ta gidan waya. Jarumar ta koma kwana a tsohuwar motarta, tana bin aikin lokaci-lokaci: ɗaure kaya a rumbun Amazon, wanke ban-ɗaki a sansanin masu yawon buɗe ido. Da yawa daga tsofaffin da za ka gani a fim ɗin ba 'yan wasa ba ne, rayuwarsu ce.

Kuma kada ka tsallake *Winter's Bone* na 2010. Jarumar farar fata ce, 'yar shekara 17, a tsaunukan Ozark na Missouri. Ubanta ya jinginar da gidansu a kan beli ya ɓace, ita kuma tana koya wa ƙannenta harbin kurege da feɗe shi don a samu na miya. Duk wanda ya taso da tunanin Bature ba ya kwana da yunwa, wannan fim zai gyara masa zama. Kuma irin waɗannan yankunan karkara ne 'yan jarida ke ruguwa su tambayi ra'ayinsu bayan kowane zaɓe ya ba su mamaki.

4. Buɗe taswira.

Da ka ji sunan gari, tsayar da fim ka nemo jihar. Jihohi 50 ne, kuma kowace da dokokinta a kan bindiga, hukuncin kisa, zubar da ciki, har mafi ƙarancin albashi.

A *Never Rarely Sometimes Always* na 2020, wata yarinya ta hau bas daga Pennsylvania zuwa New York don a jiharta sai da yardar iyaye ake zubar wa 'yar ƙasa da shekara 18 ciki. Ko mene ne ra'ayinka kan lamarin, kuma na san ra'ayin gidanmu, fim ɗin zai nuna maka dalilin da ya sa ƙasar ta ɗau zafi a Yunin 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 ta mayar wa jihohi da ikon yanke wannan magana.

5. Kalli hannun jarumi idan motar 'yan sanda ta tsaya.

Jera waɗannan uku bi da bi. *Do the Right Thing* na Spike Lee, 1989: rana mafi zafi a wata unguwar Brooklyn, rigima a shagon abinci, 'yan sanda suka shaƙe wani saurayi baƙar fata har ya mutu. An yi shi shekara 31 kafin kisan George Floyd. *Fruitvale Station* na 2013 ya bi ranar ƙarshe ta Oscar Grant, ɗan shekara 22, wanda ɗan sanda ya harbe a tashar jirgin ƙasa a Oakland ranar 1 ga Janairun 2009. Fim ɗin ya buɗe da bidiyon gaske da fasinjoji suka ɗauka da waya. Daraktansa, Ryan Coogler, shi ne ya yi *Black Panther* daga baya.

Na ukun shi ne *Get Out* na Jordan Peele, 2017. An kashe masa kimanin dala miliyan 4.5, ya kawo sama da miliyan 250. Fim ɗin ban tsoro ne, amma dodannin ciki masu fara'a ne, masu ilimi, uban budurwar har yana bugun ƙirji cewa da dama da ya sake zaɓen Obama karo na uku. Peele ya bar masu wariya na fili, ya nufi waɗanda suke ganin sun wuce wurin. Zan ɗan ɓata maka ƙarshen, ka yi haƙuri: bayan jarumin ya tsira da ƙyar, sai ga fitilar mota irin ta 'yan sanda, shi kuwa nan take ya ɗaga hannuwa sama. Shi aka zalunta, amma ya san yadda za a karanta wurin. Tsaya nan ka tambayi kanka me ya sa gabanka ya faɗi.

6. Nemi baƙi irinka.

Kafin ka cika fom ɗin biza, kalli *The Visitor* na 2007. Makaɗi ɗan Siriya da budurwarsa Zainab 'yar Senegal suna zaune a New York ba takardu. Ɗan kuskure a ƙofar tashar jirgin ƙasa ya kai shi gidan tsare baƙi, daga nan sai jirgin mayar da shi gida. Akwai wurin da wata mai saye ta tambayi Zainab ƙasarsu, da ta ce Senegal, sai matar ta shiga ba ta labarin zuwanta Cape Town. Za ka yi dariya, sannan ka tuna wata rana kai za a yi wa.

Namu ma suna cikin masu riƙe kyamara. Andrew Dosunmu ya yi *Mother of George* a 2013, kan ma'aurata Yarabawa a Brooklyn da uwar miji mai jiran jika. Chinonye Chukwu, haifaffiyar Fatakwal da ta tashi a Alaska, ta ci babbar kyautar Sundance a 2019 da *Clemency*, labarin shugabar gidan yari da aiwatar da hukuncin kisa ke ci mata rai. Ita ce baƙar mace ta farko da ta ɗauki wannan kyauta.

*Minari* kuwa, na iyalin Koriya masu noma a Arkansas, rigimar da ta biyo bayansa ta kai fim ɗin kansa daɗi. Ba'amurke ya yi shi, a Amurka, da kuɗin Amurka, amma masu kyautar Golden Globe suka sa shi a rukunin harshen waje don yawancin maganar da Koriyanci ake yi. Wane ne cikakken Ba'amurke? Tambayar ke nan da suke ta ja a kai, a fim da a rumfar zaɓe.

7. Kada ka kashe idan rubutun ƙarshe ya fara hawa.

Tambayar haya ta shafi fim ɗin kansa. Wa ya biya? Karanta tambarin farko da godiyar ƙarshe. Kamfanin Searchlight da ya fitar da *Nomadland* mallakar Disney ne. Focus Features na Universal ne. Ƙaramin fim yakan zama ɗan gidan babban mutum da aka sa wa tsohuwar riga. Masu suka ma sun ce *Nomadland* ya yi wa Amazon sassauci, bai nuna wahalar aikin rumbun yadda take ba, kuma ina ganin suna da hujja.

Haka manyan finafinan yaƙi. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da masu fim. Takan ba da aron jirage da sansanoni, kamar yadda sojan ruwa suka yi wa *Top Gun* a 1986, amma sai ta karanta labarin tukuna. Idan ka ga an yi mata godiya a ƙarshe, ka san da wa aka dafa.

8. Ka ji daga ɗaya ɓangaren.

A nan mutane ke zamewa. Yawancin masu yin finafinan Sundance suna karkata ga masu sassaucin ra'ayi. Idan su kaɗai ka kalla, za ka wayi gari da mamakin yadda Trump ya ci zaɓe sau biyu, a 2016 da 2024. Masu ra'ayin mazan jiya da 'yan coci suna da nasu ƙananan finafinan da nasu masu kallon. *God's Not Dead* na 2014 an yi shi da kimanin dala miliyan 2, ya tara sama da miliyan 60. *Sound of Freedom* na 2023 ya tara kusan miliyan 250 a duniya, har magoya bayansa suna sayen tikiti su bar wa wasu su shiga kyauta. A matsayin fim, na farkon bai burge ni ba, kuma yadda ya zana uba Musulmi a ciki zai ɓata maka rai. Duk da haka kalle shi, don miliyoyin masu zaɓe sun kalla sun tafa.

9. Ja shekara biyu baya.

Fim ba labaran yamma ba ne. Daga rubutu zuwa allo yakan ɗauki shekaru. *Get Out* ya fito wata ɗaya bayan rantsar da Trump, amma a zamanin Obama aka rubuta shi, kuma da wancan zamanin yake magana. Duba shekarar fitowa, ka rage biyu ko uku, ka nemo abin da ke faruwa a lokacin.

10. Sa dokumentari ɗaya a tsakani.

*13th* na Ava DuVernay yana bayanin yadda gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a 1865, ya bar ƙofa a buɗe ga wanda kotu ta ɗaure, da alaƙar wannan da cikar gidajen yarinsu. Netflix ta ɗora shi kyauta a YouTube a 2020. *American Factory* kuma ya shiga wata tsohuwar masana'antar motocin General Motors kusa da Dayton a Ohio, wadda ta rufe a 2008, wani attajirin Sin ya saye ta yana yin gilashin mota. Kamfanin Obama da matarsa ne ya fitar da shi tare da Netflix, ka tuna mataki na 7.

11. Tsarin wata ɗaya.

Fim biyu a mako ya isa. Makon farko na haya ne: *The Florida Project* da *Winter's Bone*. Na biyu na 'yan sanda, na uku na baƙi, na huɗu ɗaya daga kowane ɓangaren siyasa. Sami ƙaramin littafi, bayan kowane fim ka rubuta layi huɗu kacal: jiha, shekara, sana'ar jarumi, kamfanin da ya biya. Ka jawo aboki ɗaya mai gardama ku kalla tare, wanda ba ya yarda da komai sai an ja.

Sayi datar dare, ka sauke na farkon yau kafin ka kwanta, a ƙaramin inganci don kada ya cinye maka waya. Ranar Asabar zan kira in ji nawa uwar yarinyar nan take biya a ɗakin otal ɗin.