Darasi: Maita da Aljannu a Ƙasar Sikotland

A karanta Kubawar Shari'a 19:15-21.

'Yan'uwa, sau da yawa mukan zaci tsoron mayu abin ƙasarmu ne kaɗai. Ba haka ba ne. Sikotland ƙasa ce ta Kirista, tana arewa da Ingila. A shekara ta 1563 aka kafa doka a can cewa hukuncin maita kisa ne. Kafin a soke ta a 1736, an tuhumi mutum wajen 3,800, yawancinsu mata.

Talakawan ƙasar sun gaskata akwai waɗansu halittu masu zama cikin tuddai, suna da sarauniyarsu, sukan ba mutum cuta ko magani. Kusan abin da mu ke kira aljannu ko iskoki ke nan.

Ga labarin wata mace, sunanta Bessie Dunlop. Ta ce wata rana tana kora shanu kiwo tana kuka, gama mijinta da jaririnta suna kwance ba lafiya, ita ma ba ta daɗe da haihuwa ba. Sai ga wani tsoho mai furfura, ya ce shi ne Thom Reid, wanda ya mutu a yaƙin Pinkie a 1547, yanzu kuwa yana zaune wurin aljannu. Daga nan ya riƙa koya mata magani. Ta yi wa yara da shanu magani, tana kuma faɗa wa mutane inda kayansu da suka ɓace su ke. A wurinmu da sai a ce da ita boka ko 'yar bori, ba mayya ba. Har ta ce tsohon ya roƙe ta ta bar bangaskiyarta ta Kirista, ta ƙi.

Amma alƙalai da malaman ekklesiya ba su ji haka ba. A ganinsu babu aljannu, sai Shaiɗan mai ruɗin mutane. Haka Sarki James na 6 ya rubuta cikin littafinsa a 1597. Saboda haka duk wadda ta ce aljani ya ba ta magani, da bakinta ta kashe kanta. Aka yi wa Bessie shari'a a Edinbara a 1576, aka ƙone ta.

Ba mu ce bin iskoki daidai ne ba, Littafi Mai Tsarki ya hana. Amma mu dubi irin binciken da aka yi. Dattawan ekklesiya ne sukan fara tambayar wadda ake zargi. Akan hana mace barci kwana da kwanaki, akan soke ta da allura ana neman tabon Shaiɗan, har ta amsa abin da ake so, ta kuma kira sunayen maƙwabtanta. Ina shaidu biyu ko uku da karatunmu ya umarta? Ina hukuncin mai shaidar zur? Sa'ad da yaro ya yi ta rama a garinmu, aka fara nuna wata tsohuwa da baki, wace shaida mu dattawa mu kan nema?

A shekara ta 2022 ekklesiyar Sikotland ta nemi gafara saboda hannunta cikin wannan al'amari, shekara 446 bayan mutuwar Bessie.