Darasin Mako: Wasannin Bidiyo Shida da Ba a Cika Jin Sunansu Ba

 

Duk ranar da aka dawo daga hutu, in aka buɗe hirar gem a bakin aji, sunaye kaɗan ne ke yawo. Masu ƙwallo su ce eFootball ko Dream League, masu harbi su ce Free Fire ko PUBG. Daga nan hira ta ƙare. Iyayenmu da malamanmu kuwa da dama suna ganin gem ɓata lokaci ne kawai, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Mun san kuɗin tara da ya tafi a sayen data. Mun san wanda ya raba dare yana buga wasa, da safe ya zo yana gyangyaɗi a darasin lissafi.

Abin da muke son nunawa a wannan darasi shi ne, shaharar wasa daban, amfaninsa daban. Akwai wasannin da ke sa mutum ya tashi da wani abu a kansa, amma ba mu san da su ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

ME YA SA BA MU SAN SU BA?

Dalili na farko shi ne talla. Yawancin manyan wasannin waya kyauta ake sauke su. Masu su suna samun kuɗi ne ta hanyar tallace-tallacen da suke nuna mana da kayan da suke sayarwa a cikin wasan, kamar riguna da makamai da 'yan wasa. Daga wannan kuɗi suke sake yin talla, sai sunan wasan ya cika ko'ina. Ƙaramin kamfani na mutum biyu ko uku ba shi da wannan ƙarfi.

Dalili na biyu shi ne abokai. Abin da abokinka ya tura maka ta Xender shi za ka buga, shi ma haka aka tura masa.

Na uku, wasu wasannin an tsara su ne ba su da ƙarshe, suna ba ka kyauta kullum don kada ka yi fashi. Wasan da yake da farko da ƙarshe kuwa, in an gama shi an gama, sai a daina maganarsa ko da ya fi kyau. Ga shida daga cikin irin waɗannan.

1. SIMON TATHAM'S PUZZLES

Simon Tatham ɗan Birtaniya ne mai rubuta manhajar kwamfuta. Ya tara wasannin wasa ƙwaƙwalwa kusan 40 a wuri ɗaya. Kyauta ne, babu talla, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, kuma ba ya cin wuri, ko tsohuwar waya za ta ɗauke shi.

Mu ɗauki ɗaya mai suna Bridges. Za ka ga tsibirai, kowanne da lamba a kansa. Lambar tana nuna yawan gadojin da za su taɓa tsibirin. Gada miƙe take tafiya, ba ta tsallake wata gadar, ba a sa fiye da biyu tsakanin tsibirai biyu, kuma a ƙarshe dole duk tsibiran su haɗu. To, in ka ga tsibiri a kusurwa mai lamba 4, maƙwabta biyu kawai zai iya samu, don haka kowannensu gada biyu zai ɗauka. Ba ka yi canki-canki ba, hujja ka bi. Irin wannan tunanin ne malamin lissafi yake nema idan ya ce mu nuna yadda muka samo amsa.

2. MINI METRO

Wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Niyu Zilan, Peter da Robert Curry, su suka ƙirƙiro shi. Ya fito a kwamfuta a 2015, a waya kuma a 2016. Aikinka shi ne shimfiɗa layin jirgin ƙasa a cikin birni. Tashoshi suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya da siffar da'ira ko alwatika ko murabba'i, fasinjoji kuma kowanne yana son zuwa tashar da ke da irin siffarsa. Duk mako na cikin wasan ana ba ka kan jirgi ɗaya, sannan ka zaɓi ƙari guda, misali sabon layi ko tarago. Idan tasha ta cika da mutane suka daɗe suna jira, wasa ya ƙare.

Darasin da ke ciki shi ne tsari da ɗan abin da kake da shi. Za ka gane da wuri cewa jera tashoshi masu siffa ɗaya a layi guda yana kawo cunkoso, domin ana ta hawa ba a sauka. Daga cikin biranen wasan akwai Landan da Paris da Alƙahira da Adis Ababa, har da Legas, wadda jirginta na cikin gari, Blue Line, ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Wanda ya buga shi zai riƙa kallon cunkoson tashar mota da wani ido. Na kuɗi ne, amma sau ɗaya ake biya.

3. HUMAN RESOURCE MACHINE

Mutum uku ne a Amurka suka yi shi a ƙarƙashin kamfanin Tomorrow Corporation, ya fito a 2015. Kai ƙaramin ma'aikaci ne a ofis. Akwatuna masu lambobi suna shigowa ta hagu, shugabanka yana son a fitar da su ta dama bayan an yi musu wani aiki. Ba da hannu za ka motsa ma'aikacin ba, umarni za ka jera masa: ɗauko, ajiye, tara, ɗebe, koma baya. Duka umarnin wasan 11 ne.

Babu umarnin ninkawa a ciki. To, yaya za ka ninka lamba sau 8? Kana iya tara ta da kanta sau bakwai. Amma akwai gajeriyar hanya. A ce lambar 5 ce. Tara ta da kanta, ka sami 10. Tara 10 da kanta, 20. Tara 20 da kanta, 40. Da tarawa uku kacal aiki ya kammala. Wannan shi ne tushen rubuta manhaja: karya babban aiki zuwa ƙananan matakai, sannan a nemi hanyar da ta fi gajarta. Yana samuwa a waya da kwamfuta, kuma muna ganin zai yi wa masu darasin kwamfuta amfani sosai.

4. NEVER ALONE

Wannan ya fito a 2014, kuma daga Alaska yake, can arewacin nahiyar Amurka inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Wata ƙungiyar 'yan asalin yankin, Cook Inlet Tribal Council, ita ta shige gaba aka yi shi, tare da dattawa da masu ba da labari kusan 40. An ɗauko labarin ne daga wata tatsuniyar mutanen Inupiat. Wata yarinya mai suna Nuna ta fita neman abin da ke haddasa guguwar ƙanƙara da ta hana ƙauyensu farauta, wata farar yanyawa tana yi mata rakiya. Akwai wuraren da Nuna ba za ta wuce ba sai da taimakon yanyawar, akwai kuma inda yanyawar ke jiran Nuna.

Abin da ya fi burge mu shi ne, mai ba da labarin da harshensu na Inupiaq yake magana, fassara ce kawai ake rubutawa a ƙasa. Kana ci gaba kana buɗe gajerun bidiyoyi inda mutanen da kansu suke bayanin farautarsu da suturarsu da kiɗansu. Wasan ya ci kyautar BAFTA ta Birtaniya a 2015. Masu jin harshen nan 'yan dubbai ne kawai, amma sun kai shi duniya. Mu masu magana da Hausa miliyoyi ne, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

5. AURION: LEGACY OF THE KORI-ODAN

Wannan na maƙwabtanmu ne. Kamfanin Kiro'o Games da ke Yawunde a Kamaru, wanda Olivier Madiba ya kafa, shi ya fitar da shi a kwamfuta a watan Afrilun 2016. Labarin Enzo Kori-Odan ne, yariman birnin Zama, wanda surukinsa ya yi wa juyin mulki a ranar da ake naɗa shi sarauta ake kuma ɗaura masa aure. Aka kore shi tare da amaryarsa Erine, suka shiga duniya neman magoya baya.

Wasan faɗa ne, amma tambayar da ke cikin labarin babba ce: me ake nufi da zama shugaba na gari? Zane-zanen da sutura da sunaye duk daga al'adun Afirka aka ɗauko su. Matasan da suka yi shi sun sha fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari, matsalolin da mu ma muka sani, amma hakan bai hana su kammalawa ba.

6. 0 A.D.

Masu aikin sa kai daga ƙasashe daban-daban ne suke gina shi da sunan Wildfire Games, kuma kyauta ne. A kwamfuta kawai ake buga shi. Yana mayar da kai zamanin da ya fara daga shekaru 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Za ka zaɓi al'umma, ka tara abinci da itace da dutse da ƙarfe, ka gina gari, ka kare shi. Ban da Rumawa da Farisawa da Girkawa, akwai mutanen Kartej, wadda take a Tunisiya ta yau, ƙasar Hannibal mai yaƙi da giwaye. Akwai kuma Daular Kush ta Sudan, wadda dalolinta suke tsaye a Meroe har yanzu. Wanda ya fara tara sojoji bai gyara gonakinsa ba zai ga yadda rashin abinci ke tsayar da komai.

YADDA ZA MU AUNA WASA

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin mu sauke wasa ko mu ba wani shawara a kansa, mu yi wa kanmu tambayoyi huɗu:

Na ɗaya, me zan iya bayan na buga shi wanda a da ban iya ba?
Na biyu, yana barina in ajiye shi lokacin da na ga dama, ko kuwa yana tsorata ni da cewa zan yi asara in na tafi?
Na uku, sau ɗaya zan biya, ko kullum sai ya nemi kuɗi ko data?
Na huɗu, lambar shekarun da aka rubuta a kansa ta dace da ni, kuma zan iya buga shi a gaban iyayena?

GARGAƊI

Wasa mai kyau ma yana iya zama illa in ya wuce kima. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta sani. Alamarsa ita ce mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Don haka salla da karatu da aiken gida su ne a gaba. Dokar makaranta a kan waya tana nan daram, wannan shawara ta gida ce da lokacin hutu. 'Yan ajin ƙarshe kuwa, ku bari sai bayan WAEC da NECO. Kada kuma mu sauke wasan kuɗi da aka ce an “fasa” daga inda ba mu sani ba. Haƙƙin masu shi ne, sannan ta irin wannan hanya ake shigar da manhajar satar bayanai cikin waya.

AIKIN MAKO

1. Ta yaya za ka ninka lamba sau 10 da tarawa huɗu kacal? Nuna matakanka da lamba 3.
2. A wasan Bridges, tsibiri yana kusurwa da lamba 3. Wane abu ne ka tabbatar da shi tun kafin ka duba sauran tsibiran?
3. Da za a ba ka dama ka mayar da labarinmu wasan bidiyo, wanne za ka zaɓa: Gizo da Ƙoƙi, Bayajida da rijiyar Kusugu, ko Sarauniya Amina ta Zazzau? Faɗi aikin da mai wasa zai riƙa yi a ciki, cikin layi biyar.

A rubuta suna da aji, a jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da suka fi kyau a nan mako mai zuwa. Malamanmu ma muna gayyatarku, musamman a tambaya ta ɗaya. Allah Ya ƙara mana basira, amin.