Kafin ki sayi jel ɗin maganin sanyi a kemis: abin yi da abin bari

Kada ki sayi jel don kawai ƙawarki ta ce ya yi mata aiki. Abin da muke haɗawa mu kira "sanyi" ba ciwo ɗaya ba ne. Idan ruwa ne tsululu mai ruwan toka, yana ƙarnin kifi musamman bayan saduwa, galibi ƙwayoyi irin su Gardnerella ne suka rinjayi masu amfani, kuma maganin da likita kan rubuta shi ne metronidazole, wato Flagyl. Idan fari ne mai guda-guda ga ƙaiƙayi mai hana barci, ya fi kama da Candida, nan kuma clotrimazole ake bayarwa. Maganin wannan ba ya taɓa wancan.

Ki san abin da kike karewa. A cikin farjin mace lafiyayya akwai ƙwayoyin Lactobacillus masu samar da tsami, su riƙe ma'aunin pH tsakanin 3.8 da 4.5. Tsamin nan ne ke hana baƙin ƙwayoyi sakewa. Jinin haila da maniyyi kan rage shi na ɗan lokaci, jiki kuma ya mayar da kansa.

Saboda haka, kada ki kurkure ciki da Dettol, ko sabulu, ko ruwan gishiri. Kada ki cusa alimun ko miski da sunan gyara. Wannan ya fi komai damuna, domin mace kan yi shi ne don neman tsafta, ta kashe masu tsaronta da hannunta, wari ya dawo, ta ƙara wankewa, ya ƙara dawowa. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar, daga gaba zuwa baya.

In kin tashi saye, ki karanta kwalin: abin da ke ciki, lambar NAFDAC, ranar lalacewa. Wanda aka ɗura a roba ba suna, ki bar wa mai shi. Jel mai lactic acid yana taimakawa wajen dawo da tsami da rage ƙarni, amma ba ya kashe cutar da ake ɗauka ta jima'i. Kada ki zarce kwanakin da aka rubuta. In sun cika abin bai tafi ba, ki je a ɗebi ruwan a gwada.

Mai amfani da kwaroron roba ta guji Vaseline da duk wani mai maiƙo, yana raunana robar.

In kina da juna biyu, kada ki sa komai sai kin faɗa a wurin awo, domin rikicewar ƙwayoyin nan na da alaƙa da haihuwar bakwaini. Boric acid kuwa haramiyarki ce a wannan hali, kuma guba ne in an haɗiye, ki ɓoye wa yara.

Zazzaɓi, ciwon mara, gyambo, ko jinin da ba na haila ba: ki ajiye jel, ki tafi asibiti a ranar. In gwaji ya nuna ta jima'i aka ɗauka, maigida ma sai ya sha magani, ku kuma dakata da saduwa har ku gama.